BABI NA UKU: KALMAR "COPPER" TA INGILISHI DA RAYUWARTA A MATSAYIN "KWABO" A HAUSAR JANGEBE

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin aron kalmomi gaba ɗaya, da dalilan da kan sa wani harshe ya ari kalma daga wani. A wannan babi kuwa za a ɗauki kalma ɗaya tak a bi diddiginta, wato kalmar "copper" ta Ingilishi, wadda Bahaushe ya mayar "kwabo". Dalilin zaɓen wannan kalma shi ne, ma'anar da Hausa ta ara daga cikinta ta tsufa a bakin masu ita, amma har yanzu ba a yini a kasuwannin Jangebe da Talata Mafara da Bakura da Maradun ba a ambace ta ba, duk da cewa shi kansa kuɗin da ake kira da sunan ya ɓace daga hannun jama'a. Haka kuma akwai matasa da dama da ke ɗauka cewa kalmar ta zo ne tare da Naira a shekarar 1973. Wannan babi zai nuna cewa ba haka abin yake ba. Za a dubi ma'anar kalmar da asalinta, da hanyar da ta biyo ta shigo Hausa, da sauye-sauyen da ta samu, sannan da yadda ake amfani da ita.

3.1 Ma'anar Kalmar da Asalinta a Ingilishi

Ma'anar farko ta kalmar "copper" ita ce jan ƙarfe, wato ƙarfen nan mai laushi da ake yin wayar lantarki da shi. Turawan Ingila su ma aron kalmar suka yi daga "cuprum" ta harshen Latin. Ita kuma wannan ta samo asali ne daga sunan tsibirin Kubrus da ke cikin tekun Bahar Rum, domin daga can ne Rumawa suka riƙa samun ƙarfen da yawa, har suka riƙa kiran sa ƙarfen Kubrus. Ke nan sunan wuri ne ya koma sunan ƙarfe.

Ma'ana ta biyu, wadda ita ce ta shafi wannan bincike, ita ce ƙaramin kuɗi na ƙarfe. A shekarar 1672, zamanin Sarki Charles na Biyu, gwamnatin Ingila ta fara buga ƙananan kuɗi da jan ƙarfe. A shekarar 1797 kuma aka buga "penny" na jan ƙarfe a masana'antar Matthew Boulton da ke kusa da Birmingham, mai nauyin oza guda. Daga nan talakawan Ingila suka riƙa kiran kuɗin da sunan ƙarfen da aka yi shi da shi. A shekarar 1860 aka daina yin sa da zallar jan ƙarfe, aka koma tagulla, amma sunan bai canza ba, domin ya riga ya kama baki.

Bayan waɗannan akwai wata tsohuwar ma'ana, wato babbar tukunyar da ake tafasa ruwan wanki a gidajen Turawa kafin zuwan injin wanki. Akwai kuma "copper" da ake kiran ɗan sanda da ita, amma wannan wata kalma ce dabam, daga aikatau mai nufin kamawa ta fito. Kamannin furuci ne kawai ya haɗa su.

Ma'anar kuɗi ta fara ja da baya a Ingila tun daga ranar 15 ga Fabrairu, 1971, lokacin da ƙasar ta bar tsohon lissafin fam da sule ta koma lissafin ɗari-ɗari. Daga 1992 ma ƙananan kuɗin nasu baƙin ƙarfe ne da aka lulluɓe da jan ƙarfe. A yau idan an ji kalmar da wannan ma'ana, galibi a sigar jam'i ne, da nufin 'yan canjin da ba su taka kara sun karya ba, kuma an fi jin ta a bakin tsofaffi.

3.2 Yadda Kalmar Ta Shigo Hausa

Kafin zuwan Turawa, wuri shi ne kuɗin ciniki na yau da kullum a ƙasar Zamfara kamar sauran ƙasar Hausa. Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sai suka himmatu wajen kawar da wuri da shigo da kuɗin ƙarfe. A shekarar 1907 aka fara buga kwabo da anini musamman saboda Nijeriya, a 1911 aka ƙara da ɗari, wato rabin kwabo, sannan a 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila. Waɗannan kuɗi suna da huda a tsakiya, da tauraro mai tsini shida, da rubutu na boko da na haruffan Larabci. Hudar ta dace da al'adar mutanen da suka saba shirya wuri a zare.

Abubuwa biyu ne suka tura waɗannan kuɗi cikin ƙauyuka irin su Jangebe. Na farko shi ne haraji da jangali, waɗanda hakimai da dagatai ke tarawa a kai baitulmalin En'e ta Sakkwato, kuma a hankali aka daina karɓar su sai da kuɗin Turawa. Na biyu shi ne cinikin auduga da gyaɗa, wanda ya ƙara ƙarfi bayan da layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya kai Ƙaura Namoda a shekarar 1929. Manomi ya kai amfaninsa kan sikeli, a biya shi da sule da kwabo, shi kuma ya biya haraji da su, abin da ya rage ya shiga kasuwar Talata da shi.

A nan akwai abin lura guda ɗaya. Kwabon farko da Bahaushe ya riƙe a hannunsa ba ja ba ne, fari ne, domin gamin jan ƙarfe ne da wani farin ƙarfe. Sai a 1952 aka fara buga shi da tagulla. Bugu da ƙari, kalmar da ke rubuce a jikinsa "penny" ce, ba "copper" ba. Wannan yana nuna cewa Bahaushe bai samo sunan daga launin kuɗin ko daga rubutun jikinsa ba. Daga bakin mutane ya ji shi. Tambayar ita ce, daga bakin su wa?

3.3 Hujjar Tsarin Sauti

Idan aka dubi yadda Hausa ke sarrafa kalmomin da ta ara kai tsaye daga Ingilishi, za a ga ƙa'idoji uku da suka shafi wannan kalma.

Ƙa'ida ta farko: Hausa ba ta barin gajeren wasalin /o/ a tsakiyar kalma. Idan ya biyo bayan /k/, sai wasalin ya koma /a/, shi kuma baƙin ya leɓanta ya zama /kw/. Misali:

(1) college → kwaleji
committee → kwamiti
cholera → kwalara

Ƙa'ida ta biyu: sautin /p/ yakan koma /f/. Misali:

(2) pound → fam
pencil → fensir
copy → kwafi

Ƙa'ida ta uku: ƙarshen kalma da ake rubutawa "-er" ko "-or" yakan koma /a/, domin Turawan Ingila ba su furta /r/ ɗin. Misali:

(3) driver → direba
carpenter → kafinta
tailor → tela

Da a ce kai tsaye aka ari kalmar daga bakin Bature, to bisa waɗannan ƙa'idoji *kwafa za a samu, kamar yadda aka sami "kwafi". A karin harshen Zamfara kuwa, inda ake cewa "hwam" da "hwari" a maimakon "fam" da "fari", da *kwahwa za a ji. Amma abin da ake da shi shi ne "kwabo". Gaɓar farko ta bi ƙa'ida, gaɓa ta biyu ta saɓa mata ta fuska biyu: /b/ a gurbin /f/, da /o/ a gurbin /a/.

Wannan saɓani yana warwarewa idan aka dubi harshen Yarabanci, inda ake kiran kuɗin "kọ́bọ̀". Yarabawa sun daɗe suna hulɗa da Turawa da kuɗinsu a Ikko kafin kuɗin su iso Arewa, kuma harshensu ba shi da /p/ irin ta Ingilishi. Idan Hausa ta karɓi "kọ́bọ̀", ƙa'ida ta farko kaɗai za ta yi aiki a kanta, sai a sami "kwabo" daidai. Karin sautin ma ya zo ɗaya, wato sama-ƙasa. Wani abin da ke ƙarfafa wannan shi ne kalmar "taro", wadda ita ma ta yi daidai da "tọ́rọ́" ta Yarabanci, kuma an sami irin wannan sauyi na wasalin gaɓar farko. "Sisi" kuwa ɗaya take a harsunan biyu. Paul Newman, a littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000, ya yi nuni da cewa akwai kalmomin Ingilishi da suka shigo Hausa ta hanyar Yarabanci. Tarihi ma bai saɓa wa wannan ba, domin akwai fatake da sojoji Hausawa a Ikko tun ƙarni na goma sha tara, kuma malaman kanti da ma'aikatan jirgin ƙasa da suka biyo layin dogo zuwa Arewa da yawansu mutanen Kudu ne.

3.4 Tsukewar Ma'ana da Zaman Kalmar a Nahawu

Daga cikin ma'anonin da aka kawo a 3.1, guda ɗaya kaɗai Hausa ta ɗauka, wato ta kuɗi. Dalili kuwa a bayyane yake. Maƙeran ƙasar Hausa sun san ƙarfen tun da daɗewa, kuma akwai sunayensa kamar "jan ƙarfe" da "gaci" da "tagulla". Abin da babu sunansa shi ne sabon kuɗin. Saboda haka babu Bahaushen da zai ce munduwar kwabo yana nufin munduwar jan ƙarfe.

Ta fuskar nahawu, kalmar ta zauna daram kamar 'yar gida. Jinsinta namiji ne, kamar sauran sunaye masu ƙarewa da /o/, don haka ake cewa "kwabon nan" da "kwabona". Jam'inta "kwabbai". Tana karɓar ninki domin nuna rabo ko farashin kowane ɗaya, kamar a ce "ana sayar da ƙosai kwabo-kwabo". Wajen ƙirga kuwa tilo ake amfani da shi, a ce "kwabo huɗu", kamar yadda ake cewa "akuya huɗu".

Shaidar daɗewarta a rubuce ita ce, ta shiga ƙamusun Bargery na 1934. Sannan a watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, wadda Abubakar Imam ya zama editanta, kuma kwabo ɗaya ne kuɗinta. Idan har za a sa kalma cikin sunan jaridar da ake so kowa ya fahimta, to lalle ta riga ta zama ruwan dare. Wannan ya faru shekara 34 kafin zuwan Naira.

3.5 Kwabo Cikin Tsohon Lissafi da Sabo

Ba a iya fahimtar kwabo sai an san 'yan uwansa. Ga tsohon lissafin:

(4) anini 10 = kwabo 1
ɗari = rabin kwabo
ahu = kwabo ɗaya da rabi
taro = kwabo 3
sisi = kwabo 6
nai = kwabo 9
sule = kwabo 12
dala = sule 2
fam = sule 20, wato kwabo 240
jaka = fam 100

Babban Bankin Nijeriya ya fitar da kuɗin ƙasa na kansa a 1959, amma bai taɓa wannan lissafi ba. Sai a ranar 1 ga Janairu, 1973, zamanin Janar Yakubu Gowon, lokacin Alhaji Shehu Shagari yana Kwamishinan Kuɗi na Tarayya, aka shigo da Naira. Aka mai da fam ɗaya Naira biyu, sule goma Naira ɗaya, aka kasa Naira gida ɗari, aka rubuta "kobo" a jikin kowane kaso. Gwamnati ba ta ƙirƙiri sabuwar kalma ba, sunan da jama'a suka riga suka sani ta ɗauka. Bahaushe kuwa ya ci gaba da cewa "kwabo" kamar yadda ya saba.

Sai dai sunan ne bai canza ba, ƙimar ta canza. A da kwabo 12 ne sule, yanzu ya koma kwabo 10. Fam da ke kwabo 240 ya koma kwabo 200. Wato tsofaffin kwabbai shida su ne sababbi biyar. Wannan ya haifar da abubuwa uku a cikin harshe. Na farko, "sisi", wadda asalinta daga "sixpence" ne, wato kwabo shida, ta koma sunan kwabo biyar, sunan ya rabu da ma'anarsa ta asali. Na biyu, "taro" da "ahu" da "nai" da "anini" suka rasa gurbi, domin babu sabon kuɗin da ya yi daidai da su. Na uku, "sule" da "fam" da "jaka" suka rayu, domin sun faɗa daidai kan kwabo 10 da Naira 2 da Naira 200.

A ƙasar Mafara wannan sauyi ya zo kusan lokaci ɗaya da aikin madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978, lokacin da maganar awon gona da diyya da ladan lebura ta cika yankin. Takarda tana magana da Naira, dattijo kuwa yana mayar da ita fam da jaka a zuciyarsa kafin ya gane nawa ake nufi. Shi ya sa aka daɗe ana jin "hwam biyar" a madadin Naira goma, da "jaka biyar" a madadin Naira dubu.

Sanin wannan yana da amfani ga duk mai nazarin tsofaffin takardun haraji ko na kotun alƙali, da kuma mai sauraron dattawa kan maganar jinginar gona ko tsohon bashi. Alal misali, gonar da aka jinginar a kan fam uku da sule biyar da sisi, a lissafin 1973 Naira shida ce da kwabo 55. Wanda ya ɗauki fam ɗin a matsayin fam na Ingila na yau, ko ya ɗauki jaka a matsayin dubu kamar yadda Hausawan Maraɗi ke kiran sefa dubu, to ya yi kuskure babba. Wajibi ne a tambayi shekarar da aka yi magana da wurin da aka yi ta kafin a fassara adadin.

3.6 Yadda Ake Amfani da Kalmar a Yau

A shekarar 1991 aka mai da sule biyar da Naira ɗaya kuɗin ƙarfe. A watan Fabrairu na 2007 kuma aka janye ƙananan kuɗin ƙarfe daga rabin kwabo zuwa kwabo 25. Tsadar kaya ta riga ta kore su daga kasuwa tun kafin nan. Yaron da aka haifa a Jangebe bayan wannan lokaci bai taɓa sayen komai da kwabo ba. Duk da haka kalmar tana nan ta hanyoyi uku.

3.6.1 Lissafin Hukuma

A takardun banki, da farashin canjin kuɗin waje da ake karantawa a labarun rediyo, da kuɗin kiran waya, har yanzu ana ambaton kwabo a matsayin kaso ɗaya cikin ɗari na Naira. A nan adadi ne a kan takarda, ba abin da ake riƙewa a hannu ba.

3.6.2 Ƙarfafa Korewa

Wannan ita ce hanyar da ta fi yawa. Kalmar takan zo bayan "ko" a cikin jimla korarriya domin nuna rashi gaba ɗaya. Ga misalai cikin karin harshen yankin:

(5) Wallahi Alhaji, ban da ko kwabo.
(6) Kwana ukku munka yi muna aiki, ko kwabo ba a ba mu ba.
(7) Baba, kuɗin ga ba ni rage ko sisin kwabo.

A misali na (5) mai magana ba yana nufin kwabo na gaske ba ne, yana nufin ba shi da komai. A misali na (7) an haɗa tsofaffin sunaye biyu sun zama sassauƙan furuci guda, "sisin kwabo", wanda ya fi "kwabo" shi kaɗai ƙarfi. "Anini" da "taro" ma a wannan gurbi suka sami mafaka, ana cewa "ko anini" da "ko taro".

3.6.3 Ƙasƙantarwa da Sakaya Zance

Ana amfani da kalmar wajen raina darajar abu, ko wajen sakaya samu saboda kunya da kawaici. Misali:

(8) Wanga keke bai kai kwabo ba.
(9) Ya tai Gusau neman taro da kwabo.
(10) Inna, ga 'yan kwabbai ki sai goro.

A misali na (10) mai yiwuwa Naira dubu biyar ce ɗan ya miƙa wa mahaifiyarsa, amma ladabi ya hana shi faɗin adadi ko girmama kyautarsa, sai ya kira ta 'yan kwabbai. A nan Hausa da Ingilishi sun haɗu a wuri ɗaya ba tare da ɗaya ya koya daga ɗaya ba, domin a harsunan biyu sigar jam'i ta koma nufin ɗan abin da bai da yawa. Bambancin shi ne, a Hausa furucin yana ɗauke da ladabi, kuma yaro da babba duk suna yin sa.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa kalmar "kwabo" ta faro ne daga sunan tsibirin Kubrus, ta zama sunan ƙarfe a Latin da Ingilishi, ta zama sunan ƙaramin kuɗi a bakin talakawan Ingila, sannan ta shigo Hausa. Hujjar tsarin sauti ta nuna cewa ta Yarabanci ta biyo, kuma ƙamusun 1934 da jaridar 1939 sun tabbatar da cewa ta girmi Naira. An kuma ga cewa ƙimarta ta sauya a 1973 daga kaso ɗaya cikin 12 na sule zuwa kaso ɗaya cikin 10, wanda dole mai nazarin tsofaffin takardu ya kiyaye da shi. Daga ƙarshe an nuna cewa ɓacewar abu ba lalle ne ta kashe sunansa ba, matuƙar harshe ya samar wa sunan wani aiki, kamar yadda Hausar Jangebe ta mai da kwabo ma'aunin rashi da ƙanƙanta. A babi na gaba za a dubi sunayen muƙaman mulkin Turawa, irin su Razdan da Di'o da Joji, domin a ga ko su ma sun sami irin wannan mafaka.